Ranar Rabon Taki

Ranar rabon taki a ƙungiyarmu ta manoma a Karfi, masu manyan gonaki suna kan benci a inuwar darbejiya, mu ƙanana muna tsugune a rana. Magatakarda ya karanto sunaye: mutanen benci buhu shida-shida, mu bibbiyu, alhali kuɗi ɗaya muka zuba tun da kaka. Ba wanda ya tanka. Can sai wani dattijo ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ba ƙorafi zan yi ba. Mahaifina ne ya faɗo mini a rai."

Shugaba ya ce, "Bismilla, Baba, amma a taƙaice."

Baba bai taƙaita ba. Ya ce ta hannun dagaci aka ɗebi mahaifinsa soja, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943 cikin runduna ta 81, daga nan sai dajin Burma, kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga. A ka suke ɗaukar kaya, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Da Hausa ake ba da oda a bataliyarsu, amma hafsoshin Turawa ne. Harsashin Japan bai tambayi launin kowa ba, sauro ma haka. Sai da aka zo kuɗin sallama aka tuna da launi: farar fata ya karɓi kusan ninki uku na baƙi mai muƙami irin nasa.

Shi ya sa, in ji Baba, tsoffin sojan suka riƙa haɗa kansu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, ƙungiyarsu ta nufi fadar gwamna da takardar koke, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. A nan gida sai a 1964 aka yi dokar kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya.

"To su mahaifina," in ji Baba, "su tara ne a yankin nan. Suka yi ɗan asusu, kowa na jefa sisi ranar kasuwa. Wata shekara suka sayi sa na watanda. Akwai saje a cikinsu, mutumin kirki, shi ya fi kowa zagin Bature a kan kuɗin sallama. Ranar yanka ya sa aka kawo masa kujera, ya ware cinya da tozo gefe, wai na manya ne. Mahaifina ya dubi naman, ya dubi kujerar, ya ƙame ya sara masa. Ya ce, Allah ya ba ka nasara, mu da muka ji an ce kun koma Ingila!"

Wani ya yi dariya a bayana, ya mai da ita tari.

Baba ya karkaɗe rigarsa ya koma ya tsuguna. "Iyakar labarin ke nan, ranka ya daɗe. Magatakarda, ci gaba, rana tana yi."

Magatakarda bai ci gaba ba, shugaba yake kallo. Shugaba kuwa ya zaro wayarsa, wadda ba mu ji ƙararta ba, ya kara a kunne ya zagaya bayan motar takin.