Idan Motarka Ta Fara Huci Kamar Kasa

Matakin farko, wanda kowane gogaggen direba ya sani, shi ne ka ƙure muryar rediyo. Muddin ba ka jin hucin, to babu shi. Wannan magani yakan ci kwana uku zuwa mako guda, daga nan motar za ta zaɓi inda za ta kunyata ka. Kuma ba ta zaɓar ƙofar gidanka, ta fi son tsakiyar gada ko layin gidan surukai.

In rediyo ya gaza, gangara gefen titi, buɗe bonet, riƙe ƙugu, ka yi ta gyaɗa kai kamar ka gane. Kafin minti biyar mutum shida sun kewaye ka, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce gasket ya ƙone, wancan ya ce sammu ne, na uku ya tambaye ka ko ta sayarwa ce. Ka yi musu godiya, ka naɗe hannun babbar rigarka tsaf, don fanbel ba ya jin "Alhaji ne", fankar lagireto kuma takan tashi da kanta ko da an kashe mota.

Hucin ciwo iri biyu ne, Malam: ko dai iska ce ke kutsawa inda ba a gayyace ta ba, ko ruwan zafi ne ke neman hanyar fita. Abin tambaya shi ne, yaushe take yin sa?

In tana huci inji na kunne, sulo yana hawa yana sauka, mota na kakkarwa a danja kamar mai masassara, to iska ce. Inji yana zuƙar iska ta hanyar da aka auna masa, amma akwai ƙananan tiyoyin roba a kansa waɗanda zafi da shekaru kan busar, su tsattsage, sai iskar sata ta shiga ta fi ƙarfin man. A nan ne fitilar nan mai hoton inji take kamawa, wadda ka liƙe da sitika tun bara. In aka jona kwamfuta, sau da yawa lamba P0171 ce ke fitowa, ma'anarta iska ta yi wa fetur yawa. Kai ba ka da kwamfuta, amma kana da kunne. Samo guntun tiyon ban-ruwa, sa baki ɗaya a kunnenka, ka bi da ɗayan a kan robobin nan ɗaya bayan ɗaya kamar likita yana duba ƙirji. Inda hucin ya cika maka kunne, nan ɓarakar take. Yayyafa ruwan sabulu a wurin, in muryar inji ta sauya, ka kama ɓarawo. Kada ka yarda da mai cewa a fesa fetur don a gwada. Shi zai riga ka gudu.

In kuwa hucin ya zo da tururi, da wani wari mai zaƙi-zaƙi, allurar zafi kuma ta doshi ja, to ruwa ne. Kashe mota. Yanzu shaiɗan zai raɗa maka ka buɗe murfin lagireto ka leƙa. Na taɓa bin shawararsa a hanyar Kano zuwa Zariya, kusa da Kwanar Ɗangora, da hankici a hannu da ƙwarin gwiwa a zuci. Hulata aka tsinto mini a gona, ni kuwa na yi mako biyu ina gaisawa da hannun hagu. Murfin nan da ka raina, wanda akan rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, shi ke danne ruwan har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka sassauta shi, ruwan ya tafasa nan take, a fuskarka. Jira aƙalla rabin awa, sai babban tiyon sama ya huce ya yi laushi, sannan ka duba ko tiyo ne ya fashe, ko ɗaurinsa ya saki, ko robar murfin ce ta mutu. Za a ba ka shawarar fasa ɗanyen ƙwai a ciki ya toshe ɓular. Lagireto ba kaskon mai shayi ba ne.

Hucin da kake ji na ɗan lokaci bayan ka kashe esi ba ciwo ba ne, gas ne ke daidaita kansa. Kada ma ka faɗa wa bakanike, zai samo masa suna da farashi.

Ɗaya ne babu wasa a cikinsa. In ka taka birki ka ji huci wajen ƙafarka, birkin kuma ya yi tauri kamar dutse, to baƙar tukunyar nan da ake kira busta ce ke shan iska. Ajiye motar.

Da ka isa gareji, kada ka ce "tana wani irin ƙara", don daga nan sai a tura yaro Ƙofar Ruwa da takarda mai tsawon kamu biyu. Ka ce tana huci a sulo, ko bayan an kashe, ko in an taka birki, ka nemi a nuna maka ɓular da idonka, a kuma ba ka tsohon kayan da aka cire. Na ƙarshe da tawa ta yi, wata 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Kuɗinta bai kai na furar da na saya wa masu fatawa ba.