Gwanin Bayan Usur

Kai yaro, miƙo mini basillar nan, ka turo ƙwallon da ta fashe jiya. Bi a hankali kada ka taka ƙafar baƙi, yau bencinmu ya cika da manyan masana. Ni baduku ne, abin da na sani bai wuce fata da zare ba. Kuma da kai nake magana, ka ji ko? In wani ya ji maganar ta faɗa masa a kunne, iska ce ta kai, ba ni na aika ba.

Tun da aka busa usur jiya da la'asar garin nan bai huta ba. An ci yaran unguwarmu biyu da ɗaya, abin da ake yi wa kowa. Amma wani bawan Allah ya ɗauko wasan nan daga bakin fili ya kai shi fada, daga fada ya kai wa mai shayi, yau da sassafe an ji shi a bakin Kasuwar Dole yana yi wa ƴan kabu-kabu darasi. Wai koci bai san aikinsa ba. Wai da shi ne, tun minti na 20 zai fitar da mai tsaron gida. Ikon Allah! A minti na 20 ɗin nan mutumin bai ma iso filin ba. Da idona na ga shigowarsa bayan hutun rabin lokaci, yana sakace haƙori, yana tambayar yara wa ke ci.

Ran da muka ci ƴan Garin Malam, kocin nan ne, yaran nan ne, tsarin ma bai sauya ba. Wa ya riga kowa shiga fili yana ɗaga hannun koci, yana cewa dama na faɗa muku yaron nan yana da kai? Ban kama suna ba. Akwai dai mutanen da ke fitowa daga gida da jawabi biyu, ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, su jira alƙalin wasa ya tashi mutane kafin su san wanda za su zaro. Kuɗi ne kawai ba a taɓa samu a aljihunan ba.

Ja zaren da kyau. Halin ba yau ya fara ba, ɗana, kana goye aka soma.

A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai, tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Kafin wasa wani ya rantse a bakin titin nan cewa in Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta sha ƙasa da biyar a je a yi mata barka. Musa Ma'azu ya jefa ɗaya, aka tashi a haka. Da dare sai ga mutumin a kan babur ɗin aro yana zagaya Zango da tuta, yana cewa shi tun ba yau ba ya san Haruna Dula ba ƙaramin koci ba ne.

Shekara ta zagayo. Ranar 8 ga Oktoba 2011 Masar ta rama a Alƙahira, uku da babu. Ya fito daga gidan kallo yana kumfar baki, wai a kori Dula tun jirgi bai sauka ba. A can kuma ƴan Afirka ta Kudu sun tashi babu ci da Saliyo, suna ta rawa a fili, sun ɗauka sun haye. Ashe ƙa'idar gasar ba yawan ƙwallaye take fara dubawa ba, sai yadda masu maki ɗaya suka kare a tsakaninsu. Ƙasashe uku, kowacce maki 9, Nijar ce a sama, karon farko a tarihi za mu kofin Afirka. Masu ofis da takardu da kocin ƙasa guda ba su gane lissafin ba sai da suka gama rawa. Amma da rediyo ya faɗa, mutuminmu ya gyara hula ya ce ai shi tun ana wasa ya lissafa, ya yi shiru ne don kada ya rage wa jama'a daɗin labari.

Ƙarshen shekarar aka ba Dula lambar kocin da ya fi kowa a Afirka a 2011. Wata guda bayan haka Gabon ta ci mu biyu da babu a Libreville. Sai jawabin aljihun hagu ya fito: ɗan gida ba ya iya babbar gasa, a ba Bature. To, Rolland Courbis ya karɓi ragama, Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu. Me ka ji ya ce? Bature bai san halin yaranmu ba, me ya sa aka taɓa ɗan gida? A 2013 Gernot Rohr ya kai mu, muka dawo da maki ɗaya, wanda Kasali Dauda ya tsare mana da hannunsa a gaban ƴan Kwango. Ya ce sa'a ce. Ran da ƙwallo ta wuce Kasali kuwa, bai ce rashin sa'a ba ne.

Lokacin kokowar Takobi ma ba a tsira. Tun 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko a Tawa ake kokowar nan, mutumin bai taɓa sa ƙafa a yashi ba, ko kokowar yara ta farin wata ban ji an ce ya yi ba. Amma shi ya san kamun da ke kada Isaka Isaka. Mutumin Doso ya ɗauki takobi shida, ƙarti daga jihohi 8 suna kwana suna tunanin ta inda za su kai shi ƙasa, ashe dabarar na nan Damagaram a kan benci tana shan shayin da wani ya biya. Filin Langa-Langa dai ba a canja masa wuri ba, kuma ban ji an ce an hana wani shiga ba.

Yanzu ilimi ya ƙaru, har ya ƙetare teku. Ya leƙa wayar wani ya ga wasan Amurkawa, wanda ake rungume ƙwallo a ruga da ita, kowa da hular kwano. Wai a can koci na yi wa jagoran ƴan wasa magana ta rediyon da ke cikin hular, wai da an ba shi irin wannan jiya da labari ya sha bamban. Na tambayi ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar André Salifou, ya ce rediyon gaskiya ne. Sai dai doka ta ce a katse shi idan saura daƙiƙa 15 lokacin fara kai hari ya cika, a bar ɗan wasa da hankalinsa. Ka ga Amurkawa sun ci gaba, sun samo maɓallin da ke kashe murya. Allah ya kawo mana shi unguwar nan. Ya kuma ce wasan minti 60 ne a agogo, amma yana cin fiye da awa uku, na ƙarshensu a watan Fabrairu yake, sai bayan sha biyun darenmu ake farawa. Wanda minti 90 ke sa shi gyangyaɗi a gidan kallo, har sai ihu ya tashe shi ya tambayi wa ya ci, shi ne zai kwana a kan wannan?

Tambaye shi wace ƙungiyar Damagaram ce ta zama zakarar ƙasa a 1984, zai soma ba ka labarin wanda Real Madrid za ta saya. Espoir ce, ɗana. Riƙe wannan, don masanan namu ba su riƙe ba.

Shi kuwa kocin da ake ta yanka, malamin makaranta ne, albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata. Shi ke tashi da asuba ya zana fili da toka. A garin nan da kowa ya san abin da jarkar ruwa take a bazara, shi ke tsayar da mai ga-ruwa ya biya daga aljihunsa don yara su jiƙa maƙoshi. Ƙwallon nan da ke cinyata ita ce ta atisaye, ita ce ta wasa, ɗinkin da ke jikinta ya fi fatar yawa. Da aka yi karo-karon riguna, dala 100 kowane magidanci, mai waina ta bayar, makahon bakin masallaci ya bayar. Wani ya ce a rubuta sunansa. An rubuta. Sunan na nan lafiya lau, tawadar ma har ta fara kodewa.

Jiya yana ta ihu wai ƴan baya su zama ganuwa. Ganuwar Birni da Sarki Tanimu ya gina, mutane ne suka kwaɓa ƙasa suka ɗauka a ka. Ban ji tsofaffi sun ce akwai wanda ya zauna a inuwa ya ɗaga ko kamu ɗaya da baki ba.

Amma ka san inda gizo ke saƙar? Matso, kodayake ba asiri ba ne. Akwai wani yaro a ƙungiyar nan, ɗan hagu, duk unguwa ba mai ƙafarsa. Koci ya ajiye shi a benci jiya saboda ya daina zuwa atisaye, ƙa'ida kuma ɗaya ce ga ɗan kowa. Yaron ba lalaci ne ya hana shi ba. An dasa shi ne a bakin hanya da kwalaben esansi tun hantsi har isha'i, domin mai kwalaben ya samu sukunin zuwa fada ya gyara wa kocin duniya kurakuransu. Da aka sako shi ana saura kaɗan a tashi, takalmin aro ne a ƙafarsa, ya yi masa yawa. Ya samu ƙwallo shi da mai tsaron gida, ya buga, takalmi ya riga ƙwallo isa raga. Fili ya ɗauki dariya, yaro ya sunkuyar da kai. A cikin duk bayanin da aka yi a Kasuwar Dole yau, an ambaci mai tsaron gida, an ambaci ƴan baya, an ambaci alƙali da kakanninsa. Takalmi ne kawai ba a ambata ba.

Ɗaga kanka ka duba ƙusar can. Tun ƙaramar salla yake rataye, na sake masa ƙasa, na ɗinke bakinsa. Dala 60. Mai alhakin biya kan bi ta bayan layi in zai je masallaci, sai ran da aka ci unguwa ne hanyar nan take yi masa kusa.

A'a, Malam, har ka miƙe? Shayi bai kai na biyu ba. Ga ma yaran can tafe da faranti, kuɗin motar zuwa Miriya suke tarawa, wasan ramuwa ran Lahadi, kuma na san za su so jin shawarar manya. Sauri kake? To, Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida.

Kai kuma sauko da takalman nan, kakkaɓe ƙurar. Kai wa yaron a hannunsa, can wurin kwalabe, ka ce masa atisaye ƙarfe huɗu ne, ka zauna masa a kan esansin har ya dawo. In wani ya tare ka a hanya ya tambayi nawa ne aikin, ka ce har yanzu dala 60 ne.