Ire-iren 'Yan Haya da Yadda Ake Zama da Su

A Kano da Kaduna da Zariya, yawanci kuɗin shekara ɗan haya yake biya a dunƙule. Saboda haka mai gidan da ya miƙa mukulli ba bincike, ya sayi wata 12 na ciwon kai da hannunsa.

Na farko shi ne Malam Sai-Gobe. Shekarar farko yakan biya cif, har da la'adar dillali ba gardama. Da zarar ta zagayo, wayarsa ta daina shiga. In aka yi kiciɓis a masallaci, sai ya tayar da nafila, ya yi ta jan sujada har mai gida ya gaji ya ɗauki takalminsa. Maganinsa rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, da sanin mai unguwa. A dokokin jihohi da dama, mai hayar shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, a ƙara masa na kwana 7, sannan a nufi kotu. Mai gidan da ya fusata ya cire ƙofa ko ya kwashe kwano, shi ne zai iya kwana a caji ofis, Sai-Gobe kuwa yana ɗaki yana shan shayi.

Sai Mai-Dangi, wanda yakan zo da cewa shi da amarya ne kawai. Kafin damina ta wuce, takalman ƙofar ɗakinsa sun fi na ƙofar makarantar allo, masai ya cika, rijiya ta ja baya. Gara a rubuta adadin mazauna tun farko, da wanda zai biya kuɗin kwashe masai.

Injiniya ba ya zama sai ya fasa bango. Yau ya buɗe taga inda babu, gobe ya mayar da zaure wurin niƙa, jibi ya ja waya ta bayan mita. Tarar kamfanin wuta kuwa gidan take bi. Mita mai kati ga kowane sashe tana kashe rabin rigimar.

Mafi wuya shi ne ɗan'uwa. Wannan bai san kalmar haya ba. A wurinsa "ai gidanmu ne". In aka nemi kuɗi, kafin magariba labari ya kai wurin Hajiya, gwaggo ta bugo waya, kawu ya zo da wa'azin zumunci. Masu gogewa kan zaɓi ɗaya: ko su ba shi ɗakin kyauta su nemi lada, ko su damƙa karɓar kuɗin a hannun wakilin da ba ya jin kunyar kowa.

Akwai kuma wanda ba a cika samu ba, mai biya kafin lokaci, mai gyara famfo da kuɗinsa. Shi ne wanda masu gida suka fi saurin ƙara wa kuɗi. Yakan tashi ba hayaniya, ɗakin ya yi wata huɗu a kulle, daga bisani dillali ya kawo wani Sai-Gobe.