Yadda Na Yi Shatar Motata

A cikin azumin shekarar 2023 wurin aikinmu ya tura ni Kazaure na 'yan watanni. Aikin shi ne in bi ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ina duba famfunan tuƙa-tuƙa da rijiyoyin burtsatse masu sola, in rubuta mai kawo ruwa da wanda ya mutu. Motar ofis ɗaya ce tal, kuma ko makaho ya san mai ita, don haka aka ce za a riƙa ba ni kuɗin zirga-zirga duk ƙarshen wata, in san yadda zan yi da kaina.

Kafin in bar Kano masu ba ni shawara sun rabu gida biyu. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila ya ce kada in kuskura in sayi mota saboda zaman wata nawa. A can, in ji shi, da ka sauka filin jirgi sai ka miƙa kati a miƙo maka makulli, ranar tafiya ka ajiye musu abarsu, babu kai babu bakanike. Yayana kuwa, wanda bai taɓa wuce Maraɗi ba, dariya ya yi. Ya ce a ƙasar nan mota ba ta faɗuwa, naira ce ke faɗuwa. Ka saya, ka more ta, in ka gama ka sayar har da riba. "Sayen nagari, mai da kuɗi gida," in ji shi, ya gyara zaman hularsa.

Na fara gwada shawarar ɗan Ingila. Washegarin saukata na je tasha na tambayi inda ake ba da hayar mota. Ɗan kamasho ya haɗa ni da wani dattijon direba mai Sharon, farin gemu, carbi rataye a madubi. Na yi masa bayani cewa motar kawai nake so, ni zan tuƙa kaina, in dawo masa da ita ƙarshen wata.

Ya dube ni tun daga takalmi har hula.

"Yallaɓai, wato in ba ka motar, ni kuma in zauna a gida?"

"Haka ake yi a Turai, Baba."

"To su a Turan, direban me yake ci?"

Nan na fahimci cewa haya a Kazaure sunanta shata, kuma shata da mutum take zuwa. Ka biya kuɗin yini, ka zuba mai, abincin rana ma in ba azumi ba a wuyanka yake. Muka yi ciniki muka fara. Dattijon nan ya san hanya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Roni da Gwiwa suna yamma, Babura tana can gabas, ita ma ba a masarautar Kazaure take ba, ta Ringim ce, amma duk lungun da na ambata sai ya ce ya taɓa kai amarya. Matsalarsa ɗaya: bai yarda cewa kujerar da babu kowa a kai tana cikin abin da na biya ba. Ba ma yin nisa sai ya taka birki. Wannan ɗan ƙanwarsa ne. Waccan tsohuwar asibiti za ta, ai ba a wuce ta. Wancan malaminsa ne na allo. Ran da muka nufi Amaryawa, na ɗauki shatar mota ni kaɗai, na sauka da kwandon zabi a cinyata.

Da dare na zauna da biro da takarda. Kuɗin shata na wata, sau watannin da zan yi, ya kusa rabin kuɗin tsohuwar mota. Lissafin nan har gobe ina nan a kan bakana cewa daidai ne. Duk wanda ya ga kuskure a ciki ya zo da takardarsa.

Bayan ƙaramar salla na shiga Kano, yayana ya haɗa ni da dillali. Ya kai ni wani gida ya yaye tamfol, sai ga Golf 3 ja, an wanke ta har taya tana ƙyalli. Ya ce 'yar Kwatano ce, ta shigo tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, takardun kwastam ɗinta cif. Wata Hajiya ce ke hawanta, ba ta zuwa ko'ina sai Islamiyya da gidan biki. Daga baya na gano cewa duk tsohuwar motar da ke Kano wannan Hajiyar ce ta hau ta. Na ce masa ai ta tsufa, don kamfanin Volkswagen ya fara ƙera irinta ne a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga jihar Kano. Ya ce, "To ka gani, Injiniya! Sa'ar jihar ce, ai gida za ka mai da ita. Da tsohuwar zuma ake magani."

Na zagaya ta irin zagayen wanda ya san mota. Na harbi taya da ƙafa. Na buɗe gaba na leƙa inji na gyaɗa kai, ko da yake abin da na gane a ciki batir ne kawai. A jikin gilashin mita akwai wata 'yar sitika mai addu'ar tafiya, an manna ta a gefen hagu, na ce a raina lallai Hajiya mai ibada ce. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai ka sauke gilas ka zura hannu waje. Dillali ya ce wannan ai tsaro ne saboda yara. Na biya, na biya la'ada, aka shafa fatiha.

Na shigo Kazaure ta hanyar Ɗambatta da la'asar sakaliya, gwiwar hannu a taga. Na bi ta gaban tasha a hankali don dattijon ya gan ni. Ya gan ni kuwa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sanya alheri, Yallaɓai. Lambata dai tana wurinka."

Abin da ɗan Ingila da yayana duka ba su faɗa mini ba shi ne, baƙon da ya sayi mota a unguwa ba shi ya saya wa ba. Daren farko maigidan da nake haya a wurinsa ya fito da kansa ya sa mata albarka, ya ce dama unguwar nan an daɗe ana addu'ar mota. Ban gane nufinsa ba sai da aka buga mini ƙofa da tsakar dare, matar maƙwabci na naƙuda. Wannan babu musu, lada ne. Amma bayan naƙuda sai suna, bayan suna sai kai amarya Gwiwa, sai ta'aziyya a Kanya Babba, sai buhun gero da za a "ɗan sauke a hanya," hanyar da ba tawa ba. In na fito da safe sai in tarar da mutane sun jingina da ita suna jirana, wani har ya ce, "Injiniya, yau ka makara." Kuɗin mota kuwa iri ɗaya kowa ke biya: Allah ya kiyaye hanya. Na yi ta tuna yadda nake harare-hararen dattijo saboda ɗan ƙanwarsa. Shi aƙalla ana ɗan saka masa wani abu a aljihun gaba.

Ana cikin haka ranar 29 ga Mayu ta zo. Shugaba Tinubu ya sha rantsuwa, a jawabinsa na farko ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Na buga wa ofis waya kan kuɗin zirga-zirga, aka ce ana duba lamarin. Na buga wa yayana, ya ce in kwantar da hankalina, yanzu ne ma mota za ta yi daraja. Ni dai na koma sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, ina tsaye a kansu ina kallon mazurari har ɗigon ƙarshe. Na koyi kashe inji a gangara. Duwatsun Kazaure da na Roni, waɗanda da nake tsayawa ina ɗaukar su hoto, yanzu ina duba su ne ta fuskar inda za a gangara kyauta. Da babbar salla ta matso, ragunan unguwa a bayan motata suka zo gida, suka bar mini tsarabar da har na rabu da ita ba ta daina tashi ba in rana ta take.

Ranar da abin ya faru damina ta zauna sosai. Na fito daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, na gama rubuta cewa famfonsu ya mutu murus, na hau wata burji da ruwa ya cinye gefenta. Sai na ji wani wari, sai hayaƙi fari ya turnuƙe daga gaba, mota ta yi tari ta tsaya a tsakiyar laka. Na manta ƙofa ba ta buɗuwa ta ciki, na yi ta dukanta da kafaɗa ina salati, yara masu kiwo suna tsaye suna kallo. Da na samu na fito na buɗe gaba, lagireto na tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Na ce wa yaran su taimaka mini da ruwa. Babbansu ya ce, "Ai famfonmu ya mutu. Ba kai ne ka rubuta ba?"

Wani bawan Allah ya zo da amalanken shanu. Muka ɗaura igiya, bijimai biyu suka ja Golf, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari don kada martaba ta zube gaba ɗaya. Mun shiga gari ana fitowa daga sallar la'asar, kowa ya samu abin kallo. Da na tambayi mai shanu abin da zan ba shi, ya ce, "Yallaɓai, ai shata ka ɗauka." Ya faɗi kuɗi, ya ƙara da cewa ka san yanzu mai ya yi tsada. Ban tambaye shi a gidan man da bijiman suke sha ba. Na biya.

Bakanike a Kazaure ya leƙa, ya sa farce ya ɓare sitikar addu'ar nan. A ƙarƙashinta wata 'yar jar fitila ce, wadda aikinta shi ne ta gaya wa direba inji ya yi zafi. Ya ce ga dukkan alamu ta daɗe tana ƙoƙarin yi mini magana. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, fanka ba ta juyawa, kayan kuma sai an sayo a Ƙofar Ruwa. Wa ke shiga Kano kullum da zai taho da su? Na laluba waya na nemo lambar da aka ce tana wurina.

Bai yi mini dariya ba, wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Ba komai, Yallaɓai, ƙarfe ne." Ya sayo kaya, ya kawo, na biya kuɗin kaya da na kawowa. Aiki kuma ba zai jira bakanike ba, don haka muka koma shata, a sabon farashi. Ga ni nan: ina da mota, ina biyan gyaranta, ina biyan hayar wata, 'yan unguwa kuma suna yi mini jaje suna tambayar yaushe motarmu za ta fito. Uwargida ta bugo daga Kano ta ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Saya ka yi ko haya?" Na ce mata duka biyun, sai ta ce in ba ta minti ɗaya, na ji tana kiran ƙanwarta ta zo ta ji.

Da motar ta fito na yanke shawarar karɓar ribar da yayana ya yi mini alkawari. Na kira dillalin nan. Ya zagaya ta yana tsaki. Ya ce, "Injiniya, wannan ai ta tsufa. Ka san shekarunta kuwa? Ga ƙofa ba ta buɗuwa. Ga warin rago. Yanzu kuma da tsadar man nan kowa babur yake nema." Na tuna masa zancen tsohuwar zuma, ya ce bai tuna ba. Kuɗin da ya taya, ko yayana da na gaya masa sai da ya ce sabis ba shi da kyau, zai kira ni anjima.

Dattijon ne ya fitar da ni. Ya ce Sharon ɗinsa ta fi ƙarfin aljihunsa a wannan marra, yana neman ƙaramar mota. Zai saya, amma ba shi da kuɗi a dunƙule: zai ba da wani abu, sauran a riƙa cirewa daga kuɗin shatar da zan biya shi har in gama aiki. Aka kira maigidana da ɗan kamasho suka yi shaida.

Haka na ƙarasa famfunan Babura a kujerar gaba ta jar Golf, a gefen fasinja, wani lokaci mu biyu a kujerar don malaminsa na allo bai daina tafiye-tafiye ba. Abin haushin, ko sau ɗaya ba ta tsaya masa ba. Kullum da asuba yana duba ruwa da baƙin mai, yana sauraren inji da kai a karkace, ya ɗaura wa fanka wata 'yar waya da yake haɗawa da hannu in an hau yashi. Ƙofar ma ya gyara ta da ɗan guntun ƙarfen lema. Da na yaba, sai ya ce, "Ai mota ce mai kyau, Yallaɓai. Hannu ne ba ta samu ba."

Ranar da zan koma Kano muka zauna a benci a tasha don rufe lissafi. Ya fito da wani ɗan littafi daga aljihu, ya lashi yatsa, ya bi kwanakin shata ɗaya bayan ɗaya, da man da ya ranta mini, da wani zuwa Roni da aka kwana saboda ruwa. Ɗan kamasho ya buga a waya, ya sake bugawa. Kuɗin motar ya ƙare tun makon jiya, ni ake bi ciko. Dattijo ya ce in bar shi kawai, ai an zama ɗaya, amma in ina son ya kai ni Kano da kayana, wannan shata ce daban.