Yadda Ake Zuwa Teku a Jirgin Ƙasa Daga Malbaza

Yawon buɗe ido zuwa bakin teku a jirgin ƙasa yana buƙatar teku, yana kuma buƙatar jirgi. Teku tana can kudu inda Allah ya ajiye ta. Jirgin ne ake shan wahalarsa, domin Malbaza, garin da ke dafa wa ƙasa siminti, ba ta taɓa ganin ko tarago ba.

Garin yana kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Galmi, kuma layukan dogo sun kewaye shi daga nesa kamar kuraye masu tsoron wuta. A yamma akwai na Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da ɗoriya, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016. Tun daga ranar awaki ne suka fi kowa morarsa. A Benin akwai na Kwatano zuwa Paraku, kilomita 438, da aka daɗe ana cewa za a ƙaraso da shi Nijar. Har hukumar haɗin gwiwa aka kafa a 1959, amma dogon yana nan ya toge a Paraku, ya kuma jima da sallamar fasinja. Na Kano zuwa Maraɗi an aza harsashinsa a 2021. Albasar Galmi dai ba ta jiran kowa: a bayan babbar mota take isa Kwatano da Abijan kowace shekara, ba fasfo ba jaka.

Matakin farko na shiri shi ne neman shawara, kuma a nan ake fara ɓata. Mai wannan rubutu, wanda za a riƙa kira matafiyin don asirinsa ya rufu, ya nufi wani dattijo tsohon bafataken goro.

"Baba, a ina ake shiga jirgin Ikko?"

"Ƙauran Namoda, yaro. Ka riƙe buta da tabarma."

Dattijon bai yi ƙarya ba. Dogo ya isa Ƙaura a 1929, ya biyo ta Zariya da Funtuwa da Gusau don kwasar gyaɗa da auduga. Abin da bai faɗa ba shi ne rabonsa da jirgin tun ana ciniki da fam da sule. Sai aka buga wa wani ɗan uwa waya a Kano, inda dogo ya iso tun 1911, aka tambaye shi jirgin Kano zuwa Ikko, mai tafiyar kilomita 1,126, wanda aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 yana tashi sau ɗaya a mako. Ɗan uwan ya yi ta dariya har kuɗin waya suka ƙare. Da aka sake kira, ya ce abin dogaro shi ne sabon jirgin Badun zuwa Ikko da aka buɗe a 2021: kilomita 157, wajen awa biyu da rabi. Lissafin ya tsaya ke nan a kan tafiyar kusan kilomita dubu a mota don a ɗanɗana 157 a jirgi. Uwargida ta saurari wannan lissafi, ta miƙo gorar roba, ta ce a cika mata da ruwan teku.

Mataki na biyu, tsallaka iyaka. Ya kamata a sani cewa Illela biyu ce. Ɗaya tana Najeriya, daf da Ƙonni, a kan hanyar Sakkwato. Ɗayar tana cikin jihar Tawa, can arewa. Yaran mota ba su bambanta su, tunda a ganinsu babba da jaka ya san inda za shi. Matafiyin ya ce "Illela", aka ce "shiga". Da mota ta karya dama a Tsarnawa ya ɗauka yanke ne. Sai a Badagishiri ya ɗaga murya ya tambaya ko a ina ake canjin sefa da naira. Mota ta yi tsit. Can wata tsohuwa da ke rungume da kaza ta waiwayo.

"Ɗana, wace Illelar za ka?"

Wannan kuskure yana cin yini guda da jika biyu, ban da kunya.

Daga nan abin ba wuya: Ƙonni, kabu-kabu zuwa iyaka, Sakkwato, sai motar dare. An ƙetare kogin Kwara a Jaba cikin duhu, gwiwoyi sun haɗe da haɓa, buhun wani a kan ƙafa. Ilori, Oyo, sannan tashar Moniya a gefen Badun.

Jirgin kuwa ya cika alkawari. Kujera mai laushi, sanyi na busowa daga sama, taga fes. Matafiyin ya fito da takardar da ya jera abubuwan kallo, kurmi da itatuwan kwakwa da duwatsun Abekuta, ya jingina kai don ya ji daɗin gani. Masu shirya irin wannan tafiya su lura cewa jikin da ya kwana biyu a mota ba ya shawara da mai shi. Mai shara ne ya tashe shi a Ebute Metta. Yaron da ke kujerar kusa ya ba shi cikakken rahoton hanya: akwai itatuwa.

Saura teku. Ba nisa da tashar akwai ruwa shimfiɗe iya gani, da doguwar gada a kansa. Matafiyin ya yi tasbihi, ya naɗe wando, ya cika gora, ya ɗauki hoto ya tura gida. Wani mai shayi ɗan Tawa ya bari sai da ya gama.

"Malam, wannan fa ba teku ba ce, ƙanwarta ce. Ita tana bayan tsibiran can."

Haka ne. Ikko tana zaune a bakin wani makeken tafki da ke haɗe da teku, ainihin tekun kuma sai an ratsa gadoji da cunkoso. Tsohon wurin shaƙatawa na Bar Beach an cike shi da yashi ana gina sabon birni, yawancin sauran kuma sai an biya kuɗin ƙofa. Abin da ya rage a aljihu na mota ne.

Komawa ba ta buƙatar wani shiri. Hanyar da aka bi ake bi, ban da Badagishiri. A gida uwargida ta buɗe gora, ta lasa, ta ɗan yi shiru.

"Maigida, gishirin bai ji ba."

Aka ce mata damina ce ta tsinka shi.