Masu Murɗa Kunnen RAM Daga Briketeri Zuwa Madagaska

Tsakanin Briketeri da Madagaska, wato Madagaskar Yawunde ta kusa da kasuwar Mokolo, ba ta tsakiyar teku ba, akwai 'yan shagunan buga takardu da gyaran kwamfuta. Da wuya ka leƙa ɗaya ba ka tarar da kwamfutar tebur cikinta a buɗe ba, jar ƙura ta yi mata kwalli, wani na tsaye a kanta yana ta dannar Del ko F2 domin ya shiga BIOS kafin Windows ta riga shi. A can ciki ake saita gudun RAM da yawan wutar da za ta sha. A can ne kuma halin mutum yake fitowa fili, fiye ma da ranar rabon gado.

Jagoransu shi ne Malam Ƙara-Mata-Wuta. Sandar RAM, wadda masu gyara a nan suke kira baret, in ta DDR4 ce, bolt 1.2 aka yanka mata, masu gudun cikinsu kuma 1.35. Malam bai yarda da wannan rowa ba. Ya ɗaga ta zuwa 1.45, ta tashi lafiya, sai ya ce ashe da ma yunwa take ji. Ya ƙara wuta, ya ƙara gudu, ya matse lambobin jira, har allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, babu ko sallama. Ka tambaye shi, ya ce, "Haba yaya, ai ɗan kaɗan na taɓa." Daga nan sai a kashe soket, a ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira 'yan mintuna domin madabod ya manta da duk abin da aka koya masa. Agogon kwamfutar Malam bai taɓa zama daidai ba saboda yawan cire batiri. Garin neman gira wata rana zai rasa ido, amma ba ranar da zai yarda da haka.

Kishiyarsa Alhaji Kar-a-Taɓa ne. Ya zuba sefa ya sayi baret mai gudun 3200, amma tun ranar da aka ɗaura ta a 2133 take tafiya, domin madabod gudun da ba shi da haɗari yake ɗauka har sai an kunna masa XMP, tsarin da Intel ta fito da shi a 2007. Danna ɗaya ne kawai. Yaron shago ya yi masa bayani, Alhaji ya girgiza kai: "A'a ɗana, yadda Bature ya ƙera ta, haka za a bar ta." Ba wanda ya iya gaya masa cewa wanda ya ƙera ta ne ya rubuta 3200 ɗin a cikinta da hannunsa, kuma mai yiwuwa ma ba Bature ba ne, tunda masu ƙera RAM irin su Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu ne.

Sai Mai-Ƙorafi. Shi ya kunna XMP, ya buɗe manhajar CPU-Z, ya ga 1600. Kafin a ce kwabo ya tari tasi sai Abenu Kenedi, inda ake hada-hadar wayoyi da kayan kwamfuta, yana ihun an sayar masa da rabin kaya. DDR sau biyu take aika bayani a kowane bugun agogo, saboda haka 1600 ɗin nan ita ce 3200. Ya dawo da baret ɗinsa, ya yi asarar kuɗin tasi zuwa da dawowa, kuma har yau bai daina zargin mai shagon ba.

Wanda nake tausayi shi ne Ɗan Gwanjo. Ya samo Dell OptiPlex ko HP da wani ofishi a ƙetare ya gaji da ita, ya kwana uku yana laluben XMP a BIOS. Babu shi, ba kuma za a same shi ba, domin irin waɗannan na ofis a kulle suke zuwa. Abin da ya kamata ya duba tun farko yana bayan akwatin: wani ɗan jan makunni a jikin tsofaffin gidajen wuta, gefe ɗaya 115, ɗaya 230. In daga Amurka ta fito, a 115 za a same ta, bangon Kamaru kuwa 220 yake bayarwa. Ƙara ɗaya ake ji, sai ƙauri. Duk cikin masu surutun bolt, shi kaɗai ne wuta ta taɓa yi wa magana kai tsaye.

Akwai Mai-Haɗa-Aure, wanda duk baret ɗin da ya tsinta sai ya nema mata miji. Wannan 2400, waccan 3200, kamfani daban, shekaru daban. In sun yarda sun zauna tare, tafiyar ayari suke yi, kowa ya bi sawun gurgu. Ramuka huɗu ne a madabod, littafi ya ce a sa a na biyu da na huɗu, shi kuwa sai ya jera su kafaɗa da kafaɗa domin "sun fi kyau a haka". Ranar da ya yi ƙoƙarin cusa DDR3 mai haƙora 240 a ramin DDR4 mai 288, ya ga tsagar ba ta zo daidai ba, an ji shi yana tambayar maƙwabta ko akwai mai zarto.

Gwanin Gwaji kuwa duk ya fi su ilimi. Ya san saiti ba ya tabbata sai MemTest86 ta kwana tana bincike ba ta ga kuskure ba. Yakan kunna bayan isha'i, a ɗauke wuta kafin asuba, ya sake daga farko. Ba wanda ya taɓa ganin ya yi wani aiki da kwamfutar.

Da daddare a teburin mai tsire a Briketeri za ka ji 'Yan Lamba. Ɗaya na rantsuwa 3600 mai CL18 ta fi, ɗaya ya ce 3200 mai CL16 ba ta da sa'a. In ka buga lissafi, jiran da kowace take yi kafin ta amsa nanosakan 10 ne cif. Kada ka kuskura ka faɗa musu, domin su biyun za su haɗe maka kai, tsirenka ya huce.

Sau da yawa kuwa wannan hidima a kan kwamfutar Hajiya mai shago ake yin ta, wadda ba ta san CL ba, ba ta kuma nemi sani ba. Katin ɗaurin aure ne za a buga da Word kafin Juma'a, masu biki na zaune a benci tun hantsi. Takan leƙo ta ga baƙin allo da ƙeyar Malam Ƙara-Mata-Wuta, ta ce, "Malam, jiya fa lafiya lau take aiki. Me ka gyara?"