A Gaishe da Masu Jiragen Ƙasan Turai

Wanda ya iya ya huta, kuma kamfanonin jiragen ƙasan Turai sun iya. Nahiyarsu ta haƙa rami a ƙarƙashin teku, tun 1994 jirgin ƙasa ke tashi daga Landan ya isa Faris. A 1995 yarjejeniyar Shengen ta fara aiki, aka kwashe shingayen kan iyaka. A 2002 kuɗin Yuro ya shiga aljihun jama'a. Kan iyaka na gargarar mutuwa sai waɗannan bayin Allah suka kawo mata ɗauki: suka ɗauke ta daga bakin hanya suka ɓoye ta cikin tikiti. Sannunku da ƙoƙari.

Dubi irin tarbiyyar da suke ba baƙo. Mai jirgin sama zai sayar maka da tikiti ɗaya kana zaune a Kano, ka sauya jirgi sau biyu, kayanka su biyo ka har inda za ka. Wannan ai sangarta fasinja ne. Masu jirgin ƙasa ba sa koya wa mutum lalaci. In daga Amstadam za ka Basalona, ka sauka a tashar Gare du Nord ta Faris, ka kinkimi jakarka ka ratsa gari zuwa Gare de Lyon, ka shiga wani jirgin, galibi da wani tikitin. SNCF na Faransa, Deutsche Bahn na Jamus, Renfe na Sifaniya, kowanne da shafinsa, da manhajarsa, da ranar da yake fara ciniki. In tafiyar ta faɗo bayan tsakiyar Disamba, lokacin da ake sauya jadawalin shekara, sai ka tarar rabin hanya ta fito kasuwa, rabi ba ta fito ba. Kana jiran ta biyun, kuɗin ta farkon na hawa.

Gwanintar tasu ta fi fitowa a wajen fas. Tun 1959 ake sayar da fas ɗin Eurail ga mutanen da ba a Turai suke zaune ba, Interrail kuma ya biyo baya a 1972 don 'yan gida. Fas ɗaya, ƙasashe 33. Baƙo zai biya kuɗinsa tun daga gida, ya taho yana murna ya gama da zancen tikiti. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. A tashar mota ta garinmu, in ka miƙa wa ɗan kamasho kuɗi, kujera ta zama taka. Duhun kai ke nan. Masu ilimi sun gano cewa izinin tafiya daban, wurin zama daban, kowanne da kuɗinsa. A cikin Jamus za ka shiga jirgin ICE da fas ɗinka kawai, amma jiragen gudu na Faransa da Sifaniya da Italiya sai ka kama kujera. TGV na cikin Faransa Yuro 10 ne ko 20, na Eurostar, jirgin Landan zuwa Faris, ya kai 30 ko fiye. Wasu jiragen kuma an ƙayyade kujerun masu fas, in sun ƙare sun ƙare, ko da tarago na hamma.

Doka ma ba a bar ta a baya ba. Tarayyar Turai na da dokar haƙƙin fasinja mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yuni, 2023. In jirgi ya makara da awa ɗaya a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗinka, in awa biyu ne rabi, in ka rasa jirgin gaba a ɗora ka kan na bayansa. Madalla. Sai dai wannan gata na ƙarshe na mai tikiti ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, wato tikitin da ya fi kowanne wuyar samu. In biyu aka sayar maka, na farko ya makara, na biyu ya tafi, kowa tasa ta fisshe shi. Akwai wata yarjejeniya tsakanin wasu kamfanoni ta taimaka wa irin wannan fasinja, amma alfarma ce, kuma sai wanda ya san da ita zai roƙa. A cikin wannan hali ne fa aka ware 2021 a matsayin shekarar jirgin ƙasa, ana kiran mutane su rage hawa jirgin sama don kare muhalli.

Wanda ke cin ribar wannan hikima shi ne tsoho, da wanda ba ya jin yaren gari, da wanda kwanakin bizarsa a ƙirge suke. Na ga ɗaya da idona a wata babbar tasha, wani dattijo Badamagare da 'yarsa, suna gabana a layin sayen tikiti. Ta juyo da waya a hannu.

“Baba, wai kujerun masu fas sun ƙare.”

“Jirgin ya cika ke nan?”

“A'a Baba, akwai wuri. Sai dai mu sayi sabon tikiti.”

“To wanda muka biya tun daga gida fa, na mene ne?”

Ba ta da amsa. Ma'aikaciyar ma ba ta da ita, ta dai juyo musu da fuskar kwamfuta cikin ladabi, ta nuna musu sabon farashi da jirgin jibi. Masaukinsu na can an riga an biya, daren farko ya tafi a banza. Dattijon ya cire hula ya share gumi, ya zauna kan akwatinsa, 'yar kuma ta shiga neman bas ɗin dare a waya.

Ni jirgin na shiga, na tashi da shi a kan kari, ko minti ɗaya bai ƙara ba. Kujeru huɗu na gefena babu kowa a kansu har muka tsallaka iyaka.